Daga Duwala Zuwa Tsibirin Biyoko: Yadda Muka Shirya Tafiya Da Iyali



Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin teku a Limbe bayan an ɗauke ruwa, gari ya washe, idan ya dubi kudu maso yamma zai hangi wani dogon dutse ya taso daga tsakiyar teku, kansa ya shige cikin gajimare. Mun yi shekaru muna kai 'yan ajinmu wurin, mu nuna musu shi, mu ce, "Wancan shi ne tsibirin Biyoko na ƙasar Ikwatoriyal Gini." Su rubuta a littafi, mu hau mota mu komo Duwala. Ba mu taɓa kawowa a rai cewa wata rana za mu taka shi ba, sai da mahaifiyarmu ta sa baki.

Wata rana da dare muna zaune muna duba littattafan yara, sai Inna ta jawo 'yar kujerarta ta zauna. Ta ce, "Malam, dutsen nan da kake nuna wa 'ya'yan mutane, ka manta a gindinsa Kawunka yake kwance?" Muka ce ba mu manta ba. Ta ce, "To, shekarata 72. Ina so in ga 'ya'yan Yaya da idona, a kuma kai ni ko bakin maƙabarta ne in yi masa addu'a, tun ƙafafun nan suna iya ɗaukata."

Maganar uwa ba ta faɗuwa ƙasa banza. Amma kowa ya san iyakar albashin malamin makaranta, ga shi kuma mu 7 ne: mu da uwargida, da Inna, da yara 4, babbarsu tana da shekara 15, autan yana da 5. Sai da muka yi wata 20 muna zubin adashi da abokan aiki kafin kuɗin ya taru. Muka tafi a hutun Disamba na 2023, muka yi kwana 8. Tun da muka dawo mutane ke tare mu a masallaci da kasuwa suna tambayar yadda muka yi, shi ya sa muka ga ya kyautu mu rubuta. Babban abin da muka koyo shi ne, tafiya da iyali da ƙafar tsohuwa da ta ƙaramin yaro ake auna ta, sa'an nan da aljihun wanda za a sauka a gidansa.

WANE IRIN WURI NE BIYOKO?

Biyoko tsibiri ne mai faɗin murabba'in kilomita kimanin 2,000. Tsakaninsa da gaɓar Kamaru kilomita 32 ne a inda suka fi kusa. Aman duwatsu ne ya gina shi baki ɗaya. Akwai wani layi na duwatsu masu aman wuta da ya taso daga cikin teku, ya bi ta tsibiran Annobon da Sao Tome da Principe da Biyoko, ya hau tudu ta Dutsen Kamaru da ke Buya, ya wuce ta tsaunukan Bamenda har Adamawa. Watau dutsen Biyoko da namu na Buya 'yan gida ɗaya ne. Hasali ma, shekara kimanin 10,000 da suka wuce tsibirin a haɗe yake da ƙasarmu, ruwan teku ne ya ƙaru ya raba su.

Manyan duwatsun tsibirin 3 ne. Akwai Basile a arewa, shi ne wanda ake hangowa daga Limbe, tsawonsa mita 3,011. Akwai Biao, mai kimanin mita 2,000, wanda ruwa ya taru a bakinsa ya zama tafki. Sai na wajen Luba, mai mita 2,261, wanda kansa ya rufta ya bar wani ƙaton rami da suke kira Gran Caldera.

Tambayar da uwargida ta fara yi ita ce, "Idan dutsen ya tashi muna can fa?" Ba mu ga laifinta ba, domin mu mutanen Kamaru mun ga jiya. Dutsen Kamaru ya yi amai a 1999 har narkakken dutse ya datse hanyar da ta tashi daga Limbe zuwa Idenau, ya kuma sake a 2000. Iskar da ta fito daga tafkin Nyos ran 21 ga Agusta 1986 ta halaka mutum fiye da 1,700 a dare ɗaya. Amsar da muka ba ta ita ce, rabon Basile da amai tun 1923. Barci yake yi, ba a ce ya mutu ba, amma abubuwan da suka fi kusa da cutar da baƙo su ne sauro, da ruwan sama, da igiyar teku, da hanyoyi masu gangare. A kansu muka yi shiri.

PANYA DA HAUSAWA

'Yan ƙasa na asali su ne ƙabilar Bubi. Wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Fotugal mai suna Fernando Po ya iso tsibirin wajen 1472, daga baya aka laƙaba wa wurin sunansa. Sifen ta karɓe shi daga Fotugal a 1778. Ingilishi suka kafa gari a 1827 suka kira shi Port Clarence, Sifaniyawa suka mayar da shi Santa Isabel, a 1973 kuma aka sa masa Malabo, sunan wani sarkin Bubi. Ƙasar ta sami 'yanci ran 12 ga Oktoba 1968, tsibirin kuma ya zama Biyoko a 1979.

Tsofaffinmu da Panya suka san shi, watau lalatar sunan ƙasar Sifen a bakin leburori. Koko ne ya yi wa Panya suna. Daga can ne Tetteh Quarshie ya ɗebi irin da ya shuka a Mampong ta ƙasar Gana a 1879. A 1942 gwamnatin mulkin mallaka ta Nijeriya ta ƙulla yarjejeniya da Sifen, aka riƙa kai dubban leburori gonakin koko, yawancinsu Ibo da Ibibiyo da Efik. Da zaluncin shugaba Macias Nguema ya tsananta, Nijeriya ta kwashe mutanenta a 1975 da 1976.

Hausawa kuwa kasuwanci ya kai su tun zamanin Sifaniyawa, su ne kuma tushen Musulmin garin kafin 'yan Senegal da Mali da sauransu su zo su ƙaru. Kawunmu ya bi 'yan kasuwa ya tafi Inna tana 'yar shekara 12. Ya kama sana'ar fawa, ya yi aure, ya haihu. Lokacin da mutane ke gudu shi ya zauna. Sau 2 kawai ya zo gida, da ya rasu kuma sai bayan arba'in labari ya iso mana. Wannan shi ne abin da ke cin Inna a rai. Mun tabbata akwai gidaje da yawa a New-Bell da Briqueterie da Kumba masu irin wannan labari.

LOKACI, TAKARDU DA HANYA

Kuskuren da muka kusa yi shi ne tafiya a dogon hutu, domin a lokacin ne yara da malamai ke da sarari. To, amma watannin Yuni zuwa Agusta tsakiyar damina ne a Biyoko. A kudancin tsibirin, a ƙauyen Ureka, ruwan da ke sauka a shekara ya haura milimita 10,000, daidai da na Debundscha tamu. Rani a can gajere ne, daga Disamba zuwa Fabrairu. Don haka muka haƙura da dogon hutu, muka ɗauki na Disamba mai mako 2. Wanda zai yi haka ya sayi tikiti da wuri, domin lokacin Kirsimeti kujeru kan ƙare, kuɗi kuma ya hau.

Game da takardu, kowane mutum da fasfonsa, har da ƙaramin yaro. Kowa kuma da katin allurar shawara, wadda ake yi aƙalla kwana 10 kafin tafiya. Ikwatoriyal Gini tana cikin ƙungiyar CEMAC tare da Kamaru da Cadi da Gabon da Kongo da Afirka ta Tsakiya, a 2017 kuma ƙasashen suka amince 'yan ƙungiyar su riƙa shiga ba tare da biza ba idan zaman bai wuce wata 3 ba. Amma abin da ke takarda daban, abin da matafiyi kan tarar a bakin iyaka daban. Matambayi ba ya ɓata. Kafin mu biya ko sisi, sai da muka je ƙaramin ofishin jakadancinsu a Duwala muka ji abin da ake bukata a lokacin. Na Yawunde suna da babban ofishin a kusa. Muka kuma riƙe takardar gayyata daga ɗan Kawu, mai ɗauke da adireshinsa, da shaidar wurin da za mu kwana.

Jirgin sama daga Duwala zuwa Malabo bai cika tafiyar awa ɗaya ba. Wasu sun ba mu shawarar kwale-kwalen 'yan kasuwa don ya fi araha. Muka ce a'a. Ba ma ɗora tsohuwa da yara 4 a kan katako a tsakiyar teku don ragowar 'yan jakunkuna. Tikiti ya cinye kusan rabin kuɗinmu, ba mu kuma yi da-na-sani ba.

Sauƙi ɗaya da muka samu shi ne kuɗi. Tun 1985 sefa suke kashewa, irin tamu, babu zancen canji. Agogonsu ma ɗaya da namu. Harshen hukuma Sifaniyanci ne, an ƙara da Faransanci da harshen Fotugal, amma a kasuwa akwai wani buroka da suke kira Pichi, wanda duk mai jin Pijin ɗin Kamaru zai iya ciniki da shi.

MASAUKI SHI NE RABIN TAFIYA

A nan ne muka fi shan wuya, kuma a nan muke roƙon masu karatu su natsu. Al'adarmu ita ce, idan kana da ɗan'uwa a gari, a gidansa za ka sauka, ba sai an tambaya ba. Al'ada ce mai kyau, ita ta riƙe Hausawa a duk inda suka je. Amma an gina ta ne a zamanin manyan gidaje masu zaure da ɗakin baƙi. Malabo kuwa, tun da aka fara haƙar mai a shekarun 1990, haya ta yi tsada, abinci kuma yawancinsa daga Kamaru da Turai ake shigo da shi. Tumatirin da muke rainawa a kasuwar New-Bell, sai ya tsallaka teku kafin ya shiga tukunyarsu.

Allah ya taimake mu, mu da babban ɗan Kawu taubasai ne, akwai wasa a tsakani, abin da wani zai ji nauyin faɗa mu za mu faɗe shi cikin raha. Muka buga masa waya muka ce, "Ɗan Kawu, mu 7 ne. Ɗakunanka nawa?" Ya yi dariya ya ce, "Kai ɗan Gwaggo, gidan ubana ne, ko ku 70 ne ku zo." Muka ce ba faɗin zuciyarsa muke tambaya ba, wannan mun san shi, ɗakuna muke tambaya. Sai ya yi shiru. Can ya ce ɗaki 2 ne da falo, shi da matarsa da yara 5, famfo kuma wani lokaci sai ya kwana biyu bai kawo ba.

To, ga matsala. Idan muka sauka dukkanmu, matarsa za ta yi kwana 8 tana girkin mutum 14, yaransa su koma kwanan baranda, cinikinsa na wata ya ƙare a cefane, kuma ba zai taɓa buɗe baki ya ce komai ba. Da mun tafi, a bar shi da bashi, ita kuma a bar ta da abin faɗa. Idan kuma muka wuce otal gaba ɗaya, mutanen unguwa za su ce Gwaggonsa ta tsallako teku ya kasa ba ta tabarma. Kowanne daga ciki yana iya ɓata zumuncin da muka je gyarawa.

Inna ce ta raba gardama. Ta ce, "Ni dai ban zo don in kwana a otal ba. A gidan Yaya zan kwana, ni da kishiyata," watau babbar jikarta. "Ku sauran ku nemi wuri kusa." Haka aka yi. Mutum 2 suka sauka a gidan ɗan Kawu, mutuncinsa ya tsira, mu 5 kuma muka nemi haya.

Masaukin kuɗi iri 3 muka auna. Manyan otal-otal na tsakiyar gari da na Sipopo, unguwar da aka gina don taron Tarayyar Afirka na 2011, suna da tsabta da wuta da ruwa, amma na ma'aikatan mai ne da baƙin gwamnati, ba na malamin firamare ba. Ƙananan otal-otal sun fi sauƙi, sai dai da yawa akwai mashaya a ƙasa da kiɗa har tsakar dare, ba kuma a yarda a yi girki. Na uku shi ne gidan haya mai kayan ɗaki da ake bayarwa na kwanaki. Shi muka ɗauka, domin da wurin girki, kuma kuɗin gida ake biya, ba na kai ba.

A nan ma mun kusa faɗawa rami. Mun ga hoton wani gida a intanet, fes da shi, mai gidan kuma ya ce mu turo kuɗin kwana 8 ta waya don ya riƙe mana. Muka ce ɗan Kawu ya je ya gani tukuna. Ashe a hawa na uku yake, matakala tsukakkiya, ruwa sai da asuba, hoton kuma tun gidan yana sabo aka ɗauka. Gani ya kori ji. Shi ne ya samo mana wani a ƙasa, ɗaki 2, tafiyar minti 10 da ƙafa daga gidansa. Muka ba da kuɗin kwana 2 aka rubuta takarda, sauran sai da muka shiga.

Ga tambayoyin da muke ba kowa shawara ya yi kafin ya biya:

1. A ƙasa yake ko a bene? Tsoho zai iya hawa?
2. Ruwa yana zuwa kullum? Idan ya ɗauke, akwai tanki?
3. Idan wuta ta ɗauke, akwai janareta?
4. Tagogi suna da wayar sauro? Akwai inda za a rataya gidan sauro?
5. An yarda a yi girki? Akwai tukunyar gas da tukwane?
6. Akwai mashaya ko gidan rawa a jikinsa?
7. Mene ne nisansa da masallaci, da kasuwa, da gidan ɗan'uwa?
8. Kuɗin da aka faɗa ya haɗa da wuta da ruwa?

Daɗin daɗawa, ba mu je hannu rabbana ba. Mun ɗaure garin masara, da gero, da kuka, da busasshiyar kuɓewa, da daddawa, da yaji, da kilishi, muka nuna wa 'yan duwan ba ɓoye-ɓoye. Rabi tsaraba, rabi na tukunyarmu. Kuɗin cefane kuwa ba mu miƙa wa ɗan Kawu ba, don mun san ba zai karɓa ba. Uwargida ce ta danƙa wa matarsa a ɗaki, mata suka san yadda suka yi.

ABIN DA YA KAWO KA, SHI ZA KA FARA

Da muka zo tsara kwanaki, yara kowa da nasa: wannan teku, wancan dutse, wancan birai. Muka kafa doka 4. Fita ɗaya a yini. Bayan kowace doguwar fita, a huta kwana ɗaya. A dawo gida kafin magariba. Abin da ya kawo mu kuma shi ne farko.

Don haka washegarin isarmu, bayan an gama gaishe-gaishe, muka nufi maƙabarta. Mu maza muka shiga tare da ɗan Kawu da ƙannensa, Inna ta tsaya a bakin ƙofa ita da uwargida. Daga inda take ana hango kabarin. Ta daɗe tana addu'a, ba ta yi kuka ba sai da muka koma gida aka miƙo mata carbin Kawu da tsohuwar wuƙarsa ta fawa.

A kwana na biyar gwiwarta ta kumbura, ga zazzaɓi, aka kai ta wurin likita, ta yi kwana 2 ba ta fita ba. Da mun ce bari mu fara yawo, maƙabarta sai ranar ƙarshe, da adashin wata 20 ya tafi ba mu yi abin da ya kai mu ba. Sa'an nan da ba mu ware kuɗin magani daban ba, da sai mun taɓa na komawa. Wanda zai tafi ya raba kuɗinsa kashi-kashi: na hanya, na masauki, na abinci, na mota, da na ko-ta-kwana, wanda ba a taɓawa sai rashin lafiya. Ya kuma riƙe tsabar kuɗi, domin kati sai a manyan wurare.

WURAREN GANI

Mun kasa wuraren kashi 3: na kowa da kowa, na masu ƙarfi, da waɗanda muka bari.

Na kowa da kowa, farko garin Malabo kansa. A gefen bakin wani tsohon dutse mai aman wuta da ya nitse aka gina shi, shi ya sa tashar jiragen ruwansa take kamar ƙwarya. Akwai doguwar hanyar shan iska a bakin teku, shimfiɗaɗɗiya, wadda Inna ta taka da sandarta ba wahala. Akwai tsofaffin gine-ginen Sifaniyawa, da babban cocin Santa Isabel da aka kammala a 1916, wanda gobara ta taɓa a Janairun 2020. Akwai babban lambun shaƙatawa da aka buɗe a 2016 a hanyar filin jirgi, inda auta ya yi gudu har ya gaji. Ran Juma'a muka yi salla a babban masallacin garin, inda Inna ta sami tsofaffin da suka san Kawu. A bayan gari kuma akwai gonar koko ta Sampaka, tun ta 1906, inda yara suka ga yadda ake fasa ƙwallon koko, a tsima shi, a shanya, har ya zama cakulan.

Doguwar fitarmu ta farko Luba ce, gari na biyu a tsibirin, kimanin kilomita 50 daga Malabo a kan kwalta mai kyau. Mun ɗauki hayar mota ɗaya ta yini guda da direban da ɗan Kawu ya sani, ya fi a yi ta sauya tasi da tsohuwa. Kafin a kai Luba akwai gaɓar da ake kira Arena Blanca, ma'ana farin yashi. Sunan yana da dalili, domin yawancin gaɓar tsibirin baƙin yashi ne, garin duwatsun da aka amayar. Baƙin yashi yana ɗaukar zafi da rana tsaka, a sa wa yara takalma. Ba mu kuma bar kowa ya wuce gwiwa a ruwa ba.

Fita ta biyu Moka ce, a kan tudu mai kimanin mita 1,400, garin da ya ɗauki sunan babban sarkin Bubi na ƙarni na 19. Akwai sanyi da hazo kamar Ngaundare da asuba, ga shanu da gonakin kayan lambu. A tafi da rigar sanyi. Mota tana kai kowa garin, amma zuwa tafkin Biao ko mafaɗar ruwa ta Iladyi tafiyar sa'o'i ce da ƙafa, sai da ɗan jagora. Tafkin yana da daraja a al'adar Bubi, don haka baƙo ya bi abin da jagora ya ce, kada ya yi wanka ko jifa. Dajin tsibirin yana da birai iri 7, cikinsu har da waɗanda ke gab da ƙarewa a duniya, an kuma hana farautarsu tun 2007.

Dutsen Basile na masu ƙarfi ne. Mota tana hawa har kusa da ƙoli, amma sai da takardar izini, domin akwai turakun sadarwa da masu tsaro a sama. A mita 3,000 iska tana yin ƙaranci, mai hawan jini ko ciwon zuciya ko asma kada ya gwada. Mu da manyan yara 2 muka hau da sassafe, ranar da Inna ke hutawa. Mun fi rabin awa ba ma ganin komai sai farin gajimare, yara har sun fara ƙunƙuni. Can sai iska ta yaye shi, ga Dutsen Kamaru a tsallaken ruwa, ƙato, kamar a miƙa hannu a taɓa. Darasin da muka yi shekaru muna zanawa a allo, ran nan suka gane shi cikin minti ɗaya.

Wanda muka bari shi ne Ureka. A gaɓar can ne kunkurun teku iri 4 ke fitowa su yi ƙwai tsakanin Nuwamba da Fabrairu, babba daga ciki yana iya wuce kilo 300. Ɗanmu mai shekara 12 ya fi wata yana zancensu. Amma da dare suke fitowa, dole a kwana, hanyar gangare ce mai tsanani, igiyar ruwan kudu tana da ƙarfi, asibiti kuma da nisa. Muka ce ba da Kaka da auta ba. Ya yi kuka, muka lallashe shi. Ba duk abin da ke taswira ake gani a tafiya ɗaya ba.

'YAN GARGAƊI

Hoto: kada a ɗauki fadar shugaban ƙasa, ko bariki, ko filin jirgi, ko tashar ruwa, ko mai kaki. Fadar tana dab da babban coci, don haka a dandalin nan a mayar da waya aljihu. A gaya wa yara tun daga gida.

Shinge: akwai 'yan sanda da sojoji a hanyoyin bayan gari. A riƙe fasfo da kwafinsa, a yi gaisuwa, a bar direba ko ɗan gari ya yi magana.

Abinci: a kasuwa akwai naman daji da na alade. Nama a saya a wurin mahauta Musulmi, kifi kuwa ga shi nan ɗanye. Ruwan sha na kwalba ko tafasasshe.

Sauro: tun 2004 ake yaƙi da zazzaɓin cizon sauro a tsibirin, ya ragu ƙwarai, amma bai ƙare ba. A tafi da gidan sauro, a ga likita kafin a tashi, mai shan magani kullum kuma ya ɗebi na kwanakin har da ƙari.

Salla: alƙibla tana arewa maso gabas. A tafi da buta da darduma a mota, domin da an fita Malabo masallatai sun yi ƙaranci.

KAMMALAWA

Ranar da za mu taso, matar ɗan Kawu ta rako mu har filin jirgi, ta riƙe hannun Inna tana cewa, "Gwaggo, kwanakin sun yi kaɗan." Uwargida ta raɗa mana cewa da mu 7 muka sauka mata, da ba wannan maganar za ta faɗa ba. A dogon hutun da ya biyo baya suka turo mana 'yarsu ta yi wata guda a Duwala, ta koma da Hausar da ta fi wadda ta zo da ita. Inna kuwa ta rataye carbin Kawu a jikin gadonta, da shi take lazimi.

Muna kira ga 'yan'uwa masu dangi a Malabo, ko a wani wuri mai nisa, kada su jira sai tsofaffi sun kasa tashi. Zumunta a ƙafa take. A fara tari tun yau, a tambayi mai masauki gaskiyar halinsa ba tare da kunya ba, a kuma tsara tafiyar daidai ƙarfin wanda ya fi kowa rauni. Wanda ke da ƙarin bayani ko gyara, ya rubuto wa wannan shafi domin jama'a su ƙaru.

Allah ya jiƙan magabatanmu da ke kwance a ƙasashen nesa, ya kai matafiya lafiya, ya dawo da su lafiya. Wassalam.